HARAJIN GIDA: A BIYA KO A GUJE MASA?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, mas'alar da za mu tattauna a nan ta kuɗi ce, kuma kuɗi shi ne wurin da ake gane addinin mutum fiye da tsawon gemunsa. Da yawa daga cikinku kun zama masu gida tun ba ku shirya ba. Wani mahaifinsa ya rasu ya bar masa gida da uwa da ƙanne. Wani ya yi shekaru yana tara abin da ya samu a kasuwa ko a gareji, ya sayi fuloti a bayan gari, ya tayar da ɗaki biyu da zaure. Ana nan sai a wayi gari an liƙa takarda a ƙofa, ko an miƙo ta, wai hukuma tana bin wannan gida kuɗi kaza. Daga nan sai masu fatawa su yi yawa. A majalisar shayi wani zai ce maka haraji haram ne, babu shi a Musulunci, yaga takardar. Wani zai ce ai biya ka cire a cikin zakkarka. Shi kuwa wanda ya kawo takardar, watakila ya ja ka gefe ya ce idan ka gane, za a gane. To, wanne ne daidai a wajen Allah? Ba za ka iya sanin hukuncin abu ba sai ka san shi kansa abin, saboda haka bari mu fara da shi.

YADDA AKE YANKA SHI

Ka sani kuɗi iri biyu ne mutane ke cuɗanyawa. Na farko kuɗin ƙasa. A shekarar 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta ɗora dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Tun daga nan, a idon dokar Nijeriya, ba ƙasar ka mallaka ba, izinin zama a kanta ka mallaka, yawanci na shekara 99, kuma takardar mallaka da kake ɓoyewa a akwati shaidar wannan izini ce. Abin da mai takardar ke biyan gwamnatin jiha duk shekara saboda wannan izini, shi ne kuɗin ƙasa. Kusan haya ce.

Na biyu shi ne harajin gida, kuma asalinsa na ƙaramar hukuma ne. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a ciki har da ƙiyasta gidajen mutane domin a ɗora musu haraji bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Ka lura da kyau, a wannan jadawali ɗin dai aka ɗora wa ƙaramar hukuma gyaran hanyoyin unguwa, da lambatu, da fitilun titi, da kwashe shara, da kula da kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta, da sa wa gidaje lamba, da sa hannu a makarantun firamare da sha'anin lafiya. Watau hujjar karɓar kuɗin da aikin da za a yi da kuɗin a wuri ɗaya aka rubuta su. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Lissafin kuwa ba wuya gare shi ba. Da fari ma'aikaci ya zo ya ƙiyasta gidan. Ko dai ya duba nawa gidan zai kawo a shekara da za a ba da shi haya, ko da kuwa kai ne a ciki, ko kuma ya duba nawa za a saye shi yau: girman filin, darajar unguwar, girman ginin, irin kayan da aka yi shi da su, da tsufansa. Sa'an nan a ɗauki wani kaso da doka ta yanka a buga da wannan ƙima. Ga misali, kuma misali ne kawai: gida ne da hayarsa za ta kai naira 600,000 a shekara, aka ce a biya biyar cikin ɗari, harajinsa 30,000 ke nan. Ko gida ne da aka yi wa kuɗi naira miliyan 20, aka ce a biya ɗaya cikin dubu, harajinsa 20,000. Bayan haka a aiko maka da takardar neman biya, da wa'adi. A bisa al'adar waɗannan dokoki kana da damar ka kai ƙorafi idan ƙimar ta wuce gaskiya, kuma wanda ya wuce wa'adi akan ɗora masa tara. Kaso da wa'adi da tara sun bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka dokar jiharka ita ce abin tambaya, ba abin da wani ya ji a tasha ba.

Jihar Legas ta haɗe kuɗin ƙasa da harajin gida da kuɗin raya unguwa wuri ɗaya tun shekarar 2001, jiha ta karɓa a raba da ƙananan hukumomi. A 2018 aka ƙara shi ƙwarai, mutane suka yi ca, aka rage, a 2020 aka sake dokar. A can gidan da mai shi ke zaune a ciki ana yanka masa ƙasa da na haya da na kasuwanci, kuma wuraren ibada da maƙabartu ba su biya. A nan Arewa an daɗe ba a matsa wa gidajen cikin gari ba, nauyin ya fi sauka a kan shaguna da manyan unguwanni. Amma jihohi sun shiga ɗaukar hoton filaye daga sama suna zubawa a kwamfuta, gida-gida, lungu-lungu. Wanda yake tsammanin takardar ba za ta iso ƙofarsa ba, ya sake tunani.

BA ZAKKA BA CE

Mu fara kawar da mai sauƙin. Gidan da kake zaune a ciki babu zakka a kansa, ko da ya kai girman fada. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauke wa Musulmi zakka a kan dokin hawansa, malamai kuma suka auna gidan zama da tufafi da kayan aiki a kan haka. Gidan haya, ba a kan ginin zakka take ba, a kan kuɗin hayar take, idan sun kai nisabi shekara ta kewayo suna hannunka, ka fitar da ɗaya cikin arba'in. Gidan da ka saya don ka sayar kuwa haja ce, hukuncin haja gare shi.

Zakka ibada ce, da niyyarta, da nisabinta, da mutanenta guda takwas da Allah da kansa ya ambata a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Kwalbati ba ya cikinsu, albashin kansila ba ya cikinsu. Wanda ya biya harajin gida ya ce ya fitar da zakka, ya cuci matalauta ne ya sa wa cutar rigar malanta. Haraji daban, zakka daban, biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

HUJJAR MASU CEWA HARAM NE

Kada ka raina maganar abokinka na majalisa, domin tana da tushe. Asalin dukiyar Musulmi haramun ce ga waninsa sai da yardarsa, kuma Manzon Allah ya jaddada wannan a huɗubar hajjin bankwana, ya jera dukiya tare da jini da mutunci. Akwai kuma abin da Larabawa ke kira makasu, watau kuɗin da ake tare mutane a hanya ko a kasuwa a ƙwace ba bisa haƙƙi ba. A cikin Sahihu Muslim, sa'ad da Annabi ya so ya nuna girman tuban matar nan Bagamidiya, sai ya kwatanta shi da tuban da zai ishi mai karɓar makasu. Ka ga ashe laifinsa ba ƙarami ba ne, tun da da shi ake auna babban tuba.

Mu nan ƙasar Hausa ba labari aka ba mu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin alamomin mulkin zalunci, saboda ana ɗora su ba bisa shari'a ba. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 ba su kashe haraji ba, gyara masa zama suka yi, suka mai da shi na tsabar kuɗi, suka bi da shi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa zuwa baitulmalin En'e. Tambayi kakanka yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci, da yadda mutum ke sayar da akuyar matarsa ko hatsin da zai ci da damina, da yadda wasu suka bar garinsu da dare ba su sake komowa ba. Shi ya sa a shekarar 1979, da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka ji kamar an kwance musu mari. Kalmar haraji ɗaci gare ta a bakin Bahaushe, kuma da dalili.

Amma ɗacin kalma ba shi ne hukunci ba. Da duk abin da shugaba ya ɗora bayan zakka makasu ne, da Sayyidina Umar ne farkon mai laifi, kuma Allah ya tsare mu da faɗin haka.

ABIN DA UMAR YA YI

Sa'ad da aka ci ƙasar Iraƙi, wasu sahabbai, cikinsu har da Bilal, suka nemi a raba gonakin ga mayaƙa kamar sauran ganima. Umar, Allah ya yarda da shi, ya ƙi. Ya kafa hujja da ayoyin Suratul Hashri waɗanda suka ambaci masu zuwa daga baya, yana ganin idan aka rabe ƙasar yau babu abin da za a tsare iyakoki da shi gobe, babu abin da za a ciyar da marayu da zawarawa. Ya bar gonakin a hannun masu nomansu ya ɗora musu haraji. Daga wannan kalma ta Larabci, kharaj, tamu ta fito. Bai kuwa yanka da ka ba. Ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu da Huzaifa ɗan Yamani suka auna ƙasar, aka yanka wa kowane yanki gwargwadon abin da yake fitarwa, na dabino daban, na inabi daban, na alkama daban. Buhari ya ruwaito cewa 'yan kwanaki kafin a soke shi ya tsare su biyun yana tambaya, ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Dubi wannan da kyau. Shugaba ne ke tuhumar ma'aikatansa kada kuɗin shiga ya yi yawa. Yau a ina ake yin haka?

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa ko da bai yi wa hukuma daɗi ba. Abu Ubaidu, mai Kitabul Amwali, ya ambata cewa Umar ya ɗora harajin ne a kan ƙasar da ke ba da amfani, ya ƙyale gidajen da mutanen ke kwana a ciki. Hikimar a fili take. Gona tana haihuwa, gidan kwana ba ya haihuwa. Tsohuwar da mijinta ya bar mata gida a unguwar da dā bayan gari ce, yau titi ya ratsa, bankuna sun kewaye ta, ƙimar gidanta ta ninka sau ashirin a takarda, amma ƙosan da take soyawa bai ninka ba. Idan aka yanka mata haraji da ƙimar kasuwa, an tilasta mata sayar da gidan ke nan ba tare da an furta ba. Wannan shi ne babban aibin harajin gida ko'ina a duniya, kuma duk dokar da ba ta sassauta wa irin wannan mata ba, ba ta bi sawun Umar ba. Saboda haka harajin Iraƙi hujja ne cewa shugaba yana iya ɗora wani abu bayan zakka domin maslaha, amma ba hujja ba ne kai tsaye a kan gidan zama.

Hujjar da ta fi kusa ta zo daga Andalus. A zamanin Imam Shaɗibi, babban malamin Malikiyya na Garnaɗa wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, an ɗora wa mutanen wasu garuruwa kuɗin gina ganuwa. Malaminsa Ibnu Lubbi ya ce bai halatta ba. Shaɗibi ya ce ya halatta, domin idan baitulmali ya kasa, kuma amfanin na mutanen garin ne, barin ganuwar ta rushe ya fi cutar da su bisa ga abin da za su biya. Kafin shi Juwaini da Gazali sun tafi a kan irin wannan. Ganuwar wancan zamani ita ce lambatun yau. Wanda ya taɓa kwana a tsaye cikin watan Agusta yana kwarfe ruwa daga ɗakin uwarsa don kwatar unguwa ta toshe, ya san wannan ba maganar falsafa ba ce.

Sai dai malaman nan ba su buɗe ƙofar sun tafi barci ba. Sun sa sharuɗɗa masu tsanani: buƙatar ta zama ta gaske, baitulmali ya zama ba zai iya ba, a ɗora wa masu hali gwargwadon halinsu, a kashe kuɗin a inda aka ce, kuma a daina idan buƙatar ta wuce. Lokacin da Tatar suka ƙone Bagadaza suka doshi Masar, Sarki Ƙuɗuz ya nemi a karɓi dukiyar jama'a don shirin yaƙi. Shehu Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce ba za a taɓa na talaka ba sai baitulmali ya ƙare, sai kuma sarakunan yaƙi sun sayar da kayan zinariyarsu sun zama daidai da kowa, doki da makami kawai. Daga baya, a shekarar 1260, aka karya Tatar a Ainu Jaluta. Abokan gaba suna bakin ƙofa, amma malami bai ce lalura ta ɗauke sharaɗi ba.

TO MU FA?

A nan maganar take da nauyi, kuma ba za mu yi maka rufa-rufa ba. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. A tsarin rabon da aka yi ta bi tun 2004, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya nasu ne. Shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Idan matashi ya ce, ta yaya za a ce baitulmali ya ƙare alhali ga jerin motocin shugabanni, ga makarantar unguwarmu babu rufi, maganarsa gaskiya ce. A wurare da yawa sharuɗɗan Shaɗibi ba su cika ba. Shugaban da ya karɓi kuɗin shara bai kwashe shara ba, ya ci amana, kuma zai tsaya gaban Allah da kowace naira. Malamin da ya hau mumbari ya ce wa talakawa ku biya, bai juya ya ce wa masu mulki ku ji tsoron Allah ba, rabin wa'azi ya yi.

Amma zaluncin mai karɓa ba ya halatta maka komai da komai. Ya tabbata daga Ibnu Mas'ud cewa Annabi ya ba sahabbai labarin shugabanni masu son kai da za su zo, ya kuma umurce su da su sauke haƙƙin da ke kansu, su roƙi Allah nasu. Bai ce su yi ƙarya ba, bai ce su tayar da tarzoma ba.

Ga kuma abin da mai cewa yaga takardar bai gaya maka ba. Idan ka zame, wa zai ɗauki kasonka? Hukuma tana da adadin da take nema. Mai uwa a gindin murhu ya buga waya an share sunansa. Mai kuɗi ya ba da na goro an rubuta benensa a matsayin kango. Kai mai ƙarfi ka yi wa ma'aikaci barazana ya wuce ƙofarka. Sai a koma kan wa? Kan mai shagon ɗinki, da mai injin markaɗe, da bazawarar da ba ta san kowa ba. Malamanmu na Malikiyya sun tattauna wannan tun da daɗewa, Ƙurɗubi ya kawo saɓanin a tafsirinsa: idan sarki ya ɗora wa gari wani adadi, shin wanda ya sami hanyar kuɓuta ya kuɓuta, alhali za a cika kasonsa daga sauran? Sahnun ya ce a'a. Dawudi ya ce yana iya. Ibnu Taimiyya kuwa ya rubuta risala guda a kan haka mai suna Almazalimul Mushtaraka, ya tsaya a kan cewa ko da abin da aka ɗora zalunci ne, wajibi ne a yi adalci wajen raba shi, kuma ba ya halatta ka ture naka a kan maƙwabcinka. Mu maganar Sahnun da Ibnu Taimiyya muke rinjayarwa. Dalilinmu, wanda ya zame ba azzalumi ya cuta ba, azzalumi zai cika jakarsa ko ta yaya. Ɗan'uwansa mai rauni ya cuta. Sa'an nan gobe zai bi titin da aka gyara da kuɗin wannan mai raunin, ya kai gawar mahaifinsa maƙabartar da aka katange da su.

Ko a maganar Dawudi ma, wanda ya sassauta, babu inda aka halatta ƙarya da rashawa. Idan aka tambaye ka ɗaki nawa, ka ce uku alhali bakwai ne, ƙarya ka yi, kuma sau da yawa da hannunka za ka sa a takarda. Idan aka tambaye ka ko akwai 'yan haya ka ce duk dangi ne, ƙarya ka yi. Idan ka ba ma'aikaci dubu biyar ya rage maka dubu ashirin, ka shiga cikin la'anar da Manzon Allah ya yi wa mai ba da rashawa da mai karɓa. Wasu za su ce ai malamai sun yi rangwame ga wanda ya bayar don ya tunkuɗe zalunci. Haka ne, amma wannan ga wanda ƙofofi suka rufe masa ne, aka ɗora masa abin da ba nasa ba, ba shi da wurin kai kuka. Kai da ko ofishin ba ka taka ba, ba ka rubuta ƙorafi ba, ba ka san ko nawa doka ta yanka ba, ina ka ga lalura? Gajeriyar hanya ka nema.

Hanyar halal tana da wahala kaɗan, amma tana nan. Karanta takardar, ko ka kai wa wanda zai karanta maka. Tambayi a kan wace doka aka yanka, da wace ƙima. Idan an ƙara maka ɗakunan da babu, ko an rubuta gidan zama a matsayin na kasuwanci, kai ƙorafi a rubuce kafin wa'adi ya cika, ka riƙe kwafi. Idan doka ta yi sassauci ga tsofaffi ko 'yan fansho ko wurin ibada, nemi haƙƙinka, wannan ba zamba ba ce. Rage haraji ta hanyar da doka ta buɗe halal ne tsantsa. Idan ka tashi biya, biya a banki ko inda hukuma ta ayyana, ka karɓi rasit. Kuɗin da ka danƙa a hannu ba rasit, ba haraji ka biya ba, ɓarawo ka ciyar, kuma badi bashin na nan da sunanka. Jihar Kaduna ma tun dokar harajinta ta 2016 ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu saboda wannan ɓarna.

Rasit ɗin nan kuwa makami ne. Wanda bai biya ba, bakinsa a ɗaure yake. Amma matasa ashirin na unguwa ɗaya, kowa da rasit a hannu, su tafi da dattawansu da limaminsu wajen kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, cikin ladabi ba zagi ba jifa, su ce ga abin da muka biya, ga abin da tsarin mulki ya ɗora muku, ina lambatunmu? Wannan nasiha ce ga shugabanni, kuma tana cikin addini. Idan an yi kunnen ƙashi, ranar zaɓe tana zuwa, kada mudun shinkafa ya mantar da kai.

GA WANDA AKA ƊAUKA AIKIN KARƁA

Wasunku ba masu biya ba ne, masu karɓa ne, domin aiki ya yi wuya kuma hukumomin tara kuɗin shiga suna ɗaukar samari. Aikin a kan kansa ba ma ce haram ne ba, matuƙar abin da doka ta yanka kake karɓa kana kai shi inda aka ce. Amma kana tafiya a bakin rami. Ka tuna Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi ya aika karɓar zakka, ya komo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi fushi, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu mai kawo masa kyautar. Na goro da ake cusa maka a aljihu ba don kyan fuskarka ba ne. Ka tuna kuma wasiyyar da aka yi wa Mu'azu da zai tafi Yaman, cewa ya kiyayi addu'ar wanda aka zalunta. Rasit na jabu, da ƙara wa baƙo don ba ɗan gari ba ne, da garƙame shagon mutum ba umurnin doka don ya ƙi ba ka naka, wannan shi ne makasu ɗin da hadisi ya ambata, ko da kana sanye da rigar hukuma da katin shaida a wuya. Idan shugabanka ya yanka maka abin da za ka riƙa kawo masa duk mako bayan na gwamnati, ajiye aikin ya fi maka.

Kai kuma mai gidan haya, dubi abin da kuka yi alkawari da ɗan haya tun farko. Idan ba ku ambaci haraji ba, kada ka tashi tsakiyar shekara ka ɗora masa. Kuma kada a ƙara maka dubu goma ka ƙara wa mutane dubu hamsin kana cewa gwamnati ce.

Saura mas'alar gidan gado, wadda ta fi shafar yawancinku. Abin da hukuma ke bin gidan tun mahaifinku na da rai, a fitar da shi daga dukiyar kafin a raba. Abin da ya biyo baya kuwa, idan gidan yana nan ba a raba ba, a kan magada yake gwargwadon rabonsu, domin wanda ya fi cin amfani shi ya fi ɗaukar nauyi. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu, da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Gidan kashi takwas ne: uwa tana da ɗaya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Idan harajin shekara naira 24,000 ne, kowane kashi 3,000 ke nan, kai da ɗan'uwanka 6,000 kowanne, uwa da 'yan mata 3,000 kowacce. Ba a raba shi daidai wa daida a ce ai duk 'yan gida ne, alhali ranar rabon gado ba haka za a ce ba. Idan ka ɗauke wa mahaifiyarka da ƙannenka nasu don Allah, ka kyauta, kuma shi ya fi dacewa da ɗa namiji. Idan kuwa da niyyar a biya ka ka bayar, to faɗa tun yanzu a gaban shaidu, a rubuta, musamman in akwai marayu ƙanana a ciki, kada bayan shekara goma ka fito da tarin rasit ka ce rabin gidan ya zama naka. Allah shi ne mafi sani.